Ruwan da Na Ga Ya Fito Maka ta Hanci

Daga mahaifinka, Malam Isyaku, malamin makaranta a Roni ta ƙasar Kazaure,
zuwa ga ɗana Abba, a makarantar kwana, Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ko da yake bisa ga abin da idona ya gane mini ina da ƙwaƙƙwaran shakku a kan hakan. Allah Ya tsare ka a baƙon wuri, Ya kiyaye ka daga mugun aboki da mugun ciwo, Ya buɗa maka ƙirji ga ilimi mai amfani. Amin.

Ba zan cika ka da labarin gida ba. Kowa yana nan yadda ka bar shi. Maƙasudin wannan rubutu guda ɗaya ne, kuma ina so ka karanta shi da natsuwar da ake karanta takardar jarrabawa.

Ranar da za ka tafi, da hantsi, muna tsakar gida ana jiran mota, ƙanwarka ta miƙo maka ruwa a moɗa. Ka kurɓa, sai na ga ɗigo ya ziraro ta kafar hancinka ta dama. Ka yi maza ka share da hannun riga, ka dubi ƙasa. Kakarka Iya tana zaune, ga baffanninka, ga maƙwabta masu yi maka sallama. Kai ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina gare ka. Ka san a gidanmu uba ba ya tashi a gaban jama'a ya kama haɓar ɗan farinsa ya ce buɗe baki in gani. Ni da nake jayayya da al'adu da yawa a bainar jama'a, wannan ɗaya ta fi ƙarfina. Iyakar abin da na iya shi ne na sa baffanka Lawal, da zai raka ka, ya tambaye ka yaya wurin turmin haƙorin da aka cire maka na sama. Ka ce masa ya warke sarai.

Ban yarda ba. Bayan tafiyarka kuma na sami ƙarin hujja, domin na tarar da sarewarka rataye a ɗaki. Wannan sarewa da ka hana unguwa barcin rana da ita, wadda ko kiwo aka aike ka tana cikin aljihunka. Mahaifiyarka ta ce ai ƙanenka ka bar wa. Na san ka tun kana rarrafe, ba ka da irin wannan kyauta. Abin da nazarina ya ba ni shi ne ka gwada busa ta, iska ta ƙi tsayawa a bakinka, ta riƙa sulalewa ta hanci. Ina kuma zargin mahaifiyarka ta sani, domin ta amsa mini da sauri fiye da kima, ba ta kuma dube ni ba. Na fahimci dalilinku. Kun ji ana cewa ɗalibin da ya isa makaranta da ciwo mayar da shi gida ake yi a ba wani gurbinsa. To, ka saurari abin da ya sami mahaifinka, sannan ka auna da kanka wace hanya ce ta fi saurin raba mutum da gurbinsa.

Lokacin da na fito daga kwalejin horon malamai aka turo ni Roni, kana goye. Na iso da takardar shaida da keke da yaƙinin cewa duk ƙasar nan babu mai fahimtar kimiyya kamata. A dandali nakan yi wa mutane bayani cewa cirar haƙori a kasuwa jahilci ne tsantsa. Na kuma taɓa yin muhawara mai zafi da disfensan da ke zuwa garin duba marasa lafiya, a gaban mutanen hakimi, a kan wata mas'ala ta sauro wadda har yanzu ina ganin ni ke da gaskiya. Ba a daɗe ba turmina na sama na hagu ya ruɓe. Na sa kanumfari, na sa kanwa, ciwo sai gaba. Hanya madaidaiciya ita ce in je wurin disfensa, amma zuciyata ta raya mini cewa mutumin da na kunyata ba zai riƙe awartaki a bakina da kyakkyawar niyya ba. Wanzamin gari kuwa, da na je masa da kafin azahar labari ya kai fada. Saboda haka na ce a gida zan je duba wani aboki, na bi motar 'yan kasuwa har Babura, inda babu wanda ya san fuskata.

Can na sami wani mai cire haƙori da yakan ƙetaro iyaka ranar kasuwa, ya shimfiɗa tabarma, ya jera haƙoran mutane a faranti a matsayin shaidar ƙwarewa. Ya zaunar da ni, wani ƙato ya riƙe mini kai. Haƙorin ya ƙi, ya yi ta girgiza shi, daga bisani na ji wani abu ya ce ƙas a can cikin kuncina. Ya ɗaga haƙorin sama yana nuna wa 'yan kallo.

Ya ce, "Ku dubi saiwa, jama'a. Malam, wannan naka har cikin ido ya so ya kai."

Aka yi dariya. Ya cusa mini auduga, ya fara faɗa mini wasu abubuwa da zan kiyaye, amma ni hankalina yana kan kada wani mutumin Roni ya hango ni. Na ja rawani na rufe baki na bar wurin, ban ji ko ɗaya ba.

Darasin farko ke nan, Abba. Duk wanda ya sa ƙarfe a bakinka, gwani ne ko ɗan kasuwa, kada ka tashi daga gabansa sai ka tambaye shi abin da za ka yi da wanda za ka bari. Na lura ranar da aka cire naka baffanka ne ya kai ka, kuma da na tambaye shi abin da disfensa ya ce, sai ya ce mini wai ya ce Allah Ya sawwaƙe. Ba na tsammanin iyakar bayanin ke nan.

Abin da ban sani ba a lokacin, wanda likita ya zana mini a takarda daga baya, shi ne akwai wani kogo a cikin ƙashin kunci, a saman turamen sama, wanda yake buɗe zuwa hanci. Tsakanin saiwar haƙori da wannan kogo wani lokaci ɗan siririn ƙashi ne kamar ɓawon ƙwai. In saiwa ta yi tsawo, cirarta kan huda shi, sai a sami kafa daga baki zuwa hanci. Ƙarama takan toshe da kanta, muddin aka bar gudan jinin da ya kwanta a wurin ya zauna lafiya. Ni ban bar nawa ya zauna ba ko na yini guda.

A nan ne nake so ka ƙara natsuwa, domin a nan na fi jin tsoro a kanka. A wancan zamani mutanen gari suna kallon duk wanda ya yi boko a matsayin mai raunin addini. Na sha jin ana cewa mu alwalarmu shafe-shafe ce ta masu tsoron jiƙewa. Wani tsoho a ƙofar masallaci ya taɓa duba na ya ce, "Malam Boko, ashe ana koya muku wannan ma a can?" Tun daga ranar na ƙudura cewa ba za a sake samun abin faɗa a kaina ba. Nakan ɗauki buta in tsuguna inda kowa ke gani, in kurkure baki da ƙarfi har a ji daga nesa, in shaƙa ruwa har idona ya yi ja, in fyace kamar mai kiran shanu. Na dawo daga Babura da rami a dasashi, na ci gaba da haka kowace salla, har na ƙara ƙaimi, don kada a ce malam ya canza. Kowace kurkura tana wanke gudan jinin, kowace fyacewa tana tura iska ta cikin kafar tana ƙara buɗe ta.

Kada ka ɗauka jahilcin hukunci ne ya ja mini. Tun ina gaban malamin zaure na san kurkurar baki da shaƙa ruwa sunna ne a alwala, na san ba a ɗora wa mai rauni tsanantawa a cikinsu ba, na san addini ya yi wa majinyaci rangwame. Ina da wannan ilimi a kaina cikakke. Idon mutanen ƙofar masallaci ne ya hana ni aiki da shi. Kai ma yanzu kana cikin yara ɗaruruwa a bakin famfo guda, kowa yana kallon kowa, kuma na san baƙon ɗalibi daga ƙauye ba ya son a ce ga abin da ya bambanta shi. Ka sa ruwa a bakinka a hankali, ka sunkuya ka bar shi ya zubo da kansa. Hanci kuwa ka shafa kawai, kada ka ja, kada ka fyace. Wanda ya yi maka magana ka ce masa larura ce, ya je ya tambayi limamin makaranta. In atishawa ta zo maka ka buɗe baki ka sake ta, kada ka danne. Ka bar rake, ka bar tsotson ɓargo, ka bar hura wuta.

Alamar farko da na gani a makaranta ce. Ni ke busa usur na faretin safe. Na sa a baki na busa, sai wata 'yar ƙara ta fito kamar ta ɗan tsako, iska kuma ta fita ta hancina. Nan take na yanke hukuncin cewa 'yan aji sun cusa wa usur ɗin wani abu. Na tsare su a rana ina tuhuma, babu wanda ya amsa laifi, na ƙara tabbata cewa haɗin baki ne. Na sayo sabo, shi ma haka. Na ce to ɗan kasuwar ne ya sayar mini da jabu. Na yi ta busawa da iyakar ƙarfina kowace safiya, ina yaga abin da Allah Yake ƙoƙarin haɗe mini.

Daga nan koko ya fara biyo hanci. Sai kunci ya yi nauyi, in na yi sujada in ji kamar an ɗora mini dutse a ƙarƙashin ido. Sai majina mai kauri, ruwan ɗorawa, ta kafa ɗaya tak. Na kira abin mura, na yi sirace da tazargade, ya lafa, ya dawo. Wanzami ya yi mini ƙaho a ƙeya, ya lafa, ya dawo. Damina ta wuce, kaka ta wuce, murar da ba ta taɓa kafar dama ba tana nan. Mai hankali ya isa ya tambayi kansa wace irin mura ce ke zaɓen gefe, kuma me ya sa ta zaɓi gefen da aka cire haƙori. Ni ban tambaya ba, domin amsar za ta bi ta Babura.

Sannan wari ya zo. Wani ɗoyi nake ji kamar na mushe, a ɗaki, a aji, a masallaci, ko'ina. Na tuhumi mahaifiyarka da barin daddawa ta lalace. Na sa aka kwashe buhunan gero ana neman mataccen ɓera. Da ba a sami komai ba, sai tunanina ya koma kan hedimastanmu, Malam Tanko, wanda na fi shi takarda, kuma nake ganin yana tsoron in gaje kujerarsa. Ni da nake koya wa yara cewa cuta daga ƙwayoyi take, na ɗauki fartanya da rana tsaka na tone bakin ƙofar ɗakina ina neman abin da aka binne mini. Mahaifiyarka tana tsaye, kana goye a bayanta, tana kallo. Da ramin ya kai gwiwa sai ta yi magana.

Ta ce, "Malam, in ka gama da nan ka tona inda kake kwana, da inda kake salla, da kan kekenka. Duk inda ka je yana biye da kai. Mu ma mun fara ji, kunya ce ta hana mu faɗa."

Na yi fushi da ita har na ƙi cin tuwonta, na ce ita ma an saye ta. Amma daga ranar na fara lura cewa 'yan layin gaba a aji suna ja da baya da bencinsu, kuma a sahu wanda ke hagu da ni yakan kawar da kai.

Ga darasi na biyu. Ban ce ka daina zargi ba. Ni har gobe ina ganin mutumin da ba ya zargi bai san duniya ba, kuma har yanzu ban gamsu cewa Malam Tanko bai ji daɗin halin da na shiga ba. Abin da nake cewa shi ne zargi yana da tsari, kamar lissafi. Ana farawa da abin da ya fi kusa. Na binciki yara, da ɗan kasuwa, da matata, da shugabana, da ƙasar ɗakina, ban taɓa ɗaukar madubi na dubi dasashina ba. In jikinka ya canza, fara tambayar me aka yi masa kwanan nan, kafin ka tambayi wa ke ƙin ka.

Ƙarshen abin, zazzaɓi ya kwantar da ni, kunci ya kumbura har ido ya ƙanƙance. Malam Tanko ya rubuta wa ofishin ilimi na En'e, hukumar da ke biyanmu albashi, cewa ba na iya tsayuwa a aji, aka kawo wani ya karɓi ajina, ni kuma aka ce in na tashi, a makarantar garin Gwiwa zan ci gaba da aiki. Ka ga ke nan gurbin da nake ɓoye ciwo don in tsare, ɓoyewar ce ta raba ni da shi, kuma sai da na yi shekaru kafin in dawo Roni. Baffanka Lawal ne ya ɗora ni a mota zuwa babban asibiti a birni. Likitan ya sa ɗan madubi a bakina, bai daɗe ba ya tambaye ni wa ya cire haƙorin kuma yaushe. Na fara kewaye-kewaye da manyan kalmomi. Ya ce shi ba alƙali ba ne, amsa kawai yake so. Na faɗa masa. Ya tambayi yadda nake alwala, na kwatanta masa, har da usur. Ya ajiye madubin ya dube ni.

Ya ce, "Malam, da ka zo a farko, da magani da haƙuri sun ishe ka. Yanzu sai wuƙa."

Aka yi ta yi mini allurai har ɗuwawuna suka ƙi zama. Aka soka wani bututu ta hanci aka wanke kogon, abin da ya fito ba zan rubuta shi a takardar da za ka riƙe da hannu ba. Aka yanko tsoka daga cikin kumatu aka ja aka ɗinke kafar. Na warke, alhamdu lillahi, amma ban fita ba tabo ba. Ka sha ganin ina ɗaga kwanon miya zuwa dama in sunsuna, kuna dariya ku da ƙannenka. Kafar hagu ce ba ta dawo daidai ba. Ran da aka yi ruwan farko, kowa yana cewa ƙasa ta yi ƙamshi, ni rabi nake samu. Duk sanyi kuma sai kuncin ya tuna mini.

Yanzu ga abin da nake umurtarka da shi, ba shawara ba ce. Ranar da wannan takarda ta iso, ka je wurin malamin da ke kula da lafiyar ɗalibai ka faɗa masa da bakinka cewa an cire maka turmin sama kuma ruwa yana fita ta hanci. Ka faɗi hakan a jere, kada ka ce mura. In ka ce mura za a ba ka ƙwayar mura a sallame ka, kamar yadda na sallami kaina. Ka nemi a kai ka asibiti wurin likitan haƙori. In ya ba ka magani ka shanye shi duka ko da ka ji sauƙi, domin wannan ciwo gwanin lafawa ne. Kada ka yi ta gwada wurin da harshe ko tsinke, kada kuma ka toshe hanci ka busa don ka ga ko ya rufe. Kowace makaranta tana da wani babban ɗalibi mai ƙullin magani a akwati, wanda kakarsa ta san komai. Ka gaishe shi da ladabi, kada ka shaƙa abin da zai ba ka.

Game da batun mayar da ɗalibi gida, na bincika wurin waɗanda suka yi makarantar kwana. Wanda ya kai kansa da ƙaramin rauni ana yi masa magani yana shiga aji. Wanda ake sallama shi ne wanda aka ɗauko daga kan gado da kumburarren ido bayan ya rasa rabin zango. Ka zaɓi wanda kake so ka zama.

Na rubuta wa baffanka Lawal, tun da yana nan Kano wurin kasuwancinsa, cewa ya zo ya ga an yi hakan. Sai dai na san shi da sanyin jiki, kuma na san ka iya lallashinsa, don haka ban dogara da shi ba. Ba kuma zan karɓi amsar da ke cewa kana lafiya lau ba, na riga na ji wannan. Ina son ka rubuto mini abin da likita ya gani da abin da ya ce, da kalmominsa. In ya duba ya ce babu kafa, mahaifinka ne mai yawan zato, to ka rubuto hakan ma, zan karanta wa mahaifiyarka da kaina, ta yi mini dariyar da ta saba, ni kuwa in yi sadaka.

Iya ta ga ina wannan dogon rubutu ta tambaye ni wa nake wa. Na ce ofis. Ta ce ofishin nan dai yana da sa'a, ko uwarsa ba a yi wa rubutu haka. Ina jin ta gane, amma ta bar ni da kunyata, ni ma na bar ta da tata.

Wannan kunya ita ta rufe mini baki a tsakar gida, na bar ka ka hau mota da rami a ka. Ba za ta sake ba. In watan nan ya mutu ban ga takardarka da bayanin likita ba, zan nemi izini a wurin aiki in hau mota in zo. Zan tsaya a filin makarantarku lokacin da kuka yi layi, in kira ka da sunanka na yanka, wanda ban taɓa furtawa ba tun ranar da aka raɗa maka shi, in kama haɓarka a gaban malamanka da abokanka in ce buɗe baki. Ka san ni ba na faɗin abin da ba zan aikata ba a gaban taro. Ka taimake ni ka taimaki kanka, kada ka sa mahaifinka ya kira sunan mahaifinsa a tsakiyar fili.

Sarewarka na ɗauke ta daga inda ka rataye, na sa a akwatina, ban ba ƙanenka ba. Ran da likita ya ce wurin ya rufe, zan aiko maka da ita.

Mahaifiyarka tana gaishe ka, da Iya, da ƙannenka duka. Allah Ya ba ka lafiya mai ɗorewa, Ya rufe abin da ya buɗe, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya dawo mana da kai da ilimi da cikakken numfashi. Amin.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Malam Isyaku, Roni.